"Lair" da "den": makwanci ne, ko maɓoya, ko rami?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a sashen Turanci, kuma ina taɓa aikin fassara a wani gidan rediyo idan an yi hutu. Kwanan baya aka ba ni wani labari da aka ce a cikinsa 'the hunters followed the beast to its lair'. Na duba ƙamus, ya ce mini lair ita ce den. Na duba den, ya sake maido ni kan lair. Ni dai na rubuta 'rami' na miƙa, amma raina bai kwanta ba, domin washegari na ga jarida ta rubuta 'kidnappers' den', alhali na san masu garkuwa da mutane ba a rami suke zaune ba. Don Allah Malam, mece ce ainihin ma'anar lair, ina ta bambanta da den, kuma da wace kalma ya kamata in riƙa fassara su?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, 'yata. Allah ya yi albarka. Ki kwantar da hankalinki, "rami" da kika rubuta ba ƙarya ba ce, sai dai ba ita ce ta fi zama daram a gurbin ba. Rashin kwanciyar ran nan da kika ji kuwa shi ne jarin mai fassara, wanda ba ya jin sa ƙamus zai yi ta jan sa da hanci har ya tsufa a aikin. Abin da kike nema, in na fahimce ki, shi ne dalilin da ya sa Bature yake da kalmomi biyu na wurin kwanan naman daji, me ya sa yake ɗauko su ya laƙaba wa mutane, kuma mu da me za mu tarbe su. Ƙamus ɗin da ya sa ki safa da marwa bai yi laifi ba. Idan zancen dabba ake yi zalla, kalmomin nan biyu Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Sai an baro daji an shigo gari hanyarsu take rabuwa.

Kafin mu yi nisa ki gyara lafazi, tunda a rediyo kike. Lair gaɓa ɗaya ce, amonta ɗaya da hair da chair. Baturen Ingila yana jan wasalin ne kamar yadda muke jan "le" a cikin "lemo", ba'amurke kuma ya ƙara mata r a ƙarshe. Kada ki haɗa ta da liar, wato maƙaryaci, wadda ake furtawa kusan kamar "laya" tamu ta ratayawa. Haruffansu ɗaya ne, biyu na tsakiya kawai aka sauya wa wuri, kuma na sha ganin ɗalibai a takardar jarrabawa sun mayar da makwancin zaki maƙaryacin zaki.

Inda kalmar ta fito

A tsohon Turanci, wanda ake yi kafin Normandawa su ci Ingila a 1066, ana rubuta kalmar leger. Tushenta ɗaya da aikatau ɗin da ya zama lie a yau, wato kwanciya. Ma'anarta a wancan zamani ta haɗa gado, da shimfiɗa, da kwanciyar jinya, da kabari. Duk inda jiki zai miƙe a ƙasa, sunansa ke nan. Sai wajen ƙarni na 15 ne ta karkata ga wurin kwanan dabbar daji, sauran ma'anonin suka yi ta zubewa.

To ki dubi yadda mu muke gina kalma. Mukan ɗauki aikatau mu sa masa "ma" a gaba ya zama sunan wuri: zauna ya ba mu mazauni, sauka ya ba mu masauki, kwanta ya ba mu makwanci. Abin da tsohon Turanci ya yi ke nan ta tasa hanyar. Saboda haka idan asali ake bi, lair ba rami ba ce, ba kogo ba ce, makwanci ce sak. Babu haƙa a cikinta, babu dutse. Tana iya zama ƙarƙashin sarƙaƙƙiya, ko cikin gamba, ko tsagin dutse, muddin dai nan dabbar take komawa ta kwanta.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a wannan kamanni shi ne bai tsaya nan ba. Idan aka yi mana rasuwa mukan ce Allah ya haskaka makwancinsa, Allah ya kyautata makwanci, kuma ba wanda zai ɗauka gado ake nufi. To a Sikotlan har gobe lair ita ce gurbin kabari a maƙabarta. Ba kalmar waƙa ba ce a can, kalmar ofis ce. Ƙananan hukumomi ne ke sayar da haƙƙin binnewa a gurbin, su ba iyali takardar shaida, kuma sau da yawa gurbi ɗaya yakan ɗauki fiye da mutum ɗaya na gida guda. Idan wata rana takarda daga Gilasgo ko Edinbura ta zo hannunki kika ga an ce wani ya sayi lair kusa da na mahaifiyarsa, kada ki je neman kura. Harsuna biyu da ba su haɗa kaka ba sun bi hanya ɗaya daga kwanciyar barci zuwa kwanciyar da ba tashi sai ranar tsayuwa.

Akwai kuma 'yar wannan kalma da take aiki a ƙasarmu ba tare da an lura ba. Tambayi duk wani likitan dabbobi da ya yi aiki a mayanka, zai gaya miki lairage, wato shingen da ake tsare shanu da awaki su huta bayan doguwar tafiya, a duba lafiyarsu kafin a kai su ga wuƙa. A nan babu tsoro ko ɓuya ko kaɗan, tsohuwar ma'anar ce ta wurin kwanciya, kuma dabbobin gida ne ma ba na daji ba.

Danginta na ƙetare ma sun cancanci a gaishe su. Jamusawa suna da Lager, wadda take nufin shimfiɗa, da sito, da sansani. Daga ma'anar sito ne aka sami sunan irin giyar nan da ake ajiyewa a wuri mai sanyi kafin ta nuna. Mutanen Holan sun ce leger, su kuma a wajensu rundunar soja ce, domin rundunar da ta yada zango an kira ta da sunan zangon. Turawan Afirka ta Kudu 'yan asalin Holan sun kai ta can ta zama laager, da'irar kekunan shanu da suke yi su fake a ciki idan ana yaƙi, irin wadda suka yi a karonsu da Zulu ranar 16 ga Disamba 1838. Na kawo wannan ne domin ki ga cewa idan mai fassarar labarai ya ce "sansanin 'yan bindiga" bai yi nisa da dangin kalmar ba, ko da bai sani ba.

Ita kuwa den, a tsohon Turanci denn, tun farko sunan maɓoyar naman daji ce, wuri mai zurfi ko lungu. Wato ita ta dabba ce tun haihuwa, lair kuwa daga ɗakin mutum ta fita ta shiga daji.

Abin da dabbobin suke yi da gaske

A Turancin yau, masanin dabbobi da yake rubuta rahoto den zai ce, da wuya ki ga lair a takardarsa. Den ce kalmar aiki, ba ta ɗauke da yabo ko zagi, har aikatau ake yi da ita, a ce dabba tana denning idan ta shige ta haihu ko ta yi dogon barcin hunturu. Lair kuwa ta koma ta masu ba da labari. Tana zuwa da duhu, da ƙasusuwa a bakin ƙofa, da jin cewa mai gidan yana ciki kuma ba ya son baƙo. Shi ya sa ake ba dodo lair, da katon macijin nan mai aman wuta na tatsuniyoyin Turai, amma ba a ba ɗan zomo. A jimlar da aka ba ki ma, ki lura marubucin bai ambaci sunan dabbar ba, beast ya ce. Yana so ne gaban mai karatu ya faɗi.

Mai fassara kuma dole ya san halin dabbar, in ba haka ba zai haƙa wa zaki rami. Zaki ba ya zama a rami, ba ya kuma da gida tsayayye. Inuwa yake nema ya kwanta, gobe ya sauya. Zakanya ce kawai idan za ta haihu take ware kanta ta nemi duhuwa ko tsakanin duwatsu, ta ɓoye 'ya'yan na wasu makonni, tana sauya musu wuri lokaci-lokaci kafin ta kawo su cikin dangi. Don haka na zaki makwanci ne. Damisa takan fake a kogon dutse, nan "kogo" ya dace. Kura kuwa rami gare ta na gaske, kuma yawanci ba ita ta fara haƙa shi ba, tsohon ramin dabgi ne ko na gadu ko na beguwa take gada. Kuraye mata da yawa sukan tara 'ya'yansu a rami ɗaya, kuma hanyoyin da ke can ciki sun yi wa babbar kura ƙunci, 'ya'yan ne kaɗai ke iya kutsawa, uwa sai dai ta kwanta a baki ta kira su su fito shan nono. Duk sanda na karanta wannan a littattafan masana sai in tuna da magabatanmu da suka ce ramin kura sai 'ya'yanta. Karin maganar gargaɗi ce a kan shiga gidan mugu, amma ko a zahiri ma haka abin yake.

Zomon daji shi ma ba ya haƙa rami, ɗan gurbi yake yi a gindin ciyawa ya laɓe, shi ya sa maharba suke cewa makwancin zomo. Wanda yake haƙa rami mai rassa shi ne zomon Turai, kakan na gida da muke kiwo. Mu suna ɗaya muka ba su, Bature ya raba su hare da rabbit, ya kuma raba gidajensu: na farko form, na biyu burrow, idan ramukan sun yi yawa sun haɗe kuma warren. Turawan Ingila suna da irin wannan ƙwaƙƙwafi saboda sun daɗe suna farauta a matsayin wasan sarauta. Ramin yanyawarsu earth, na karen ruwa holt, sheƙar kuregen bishiya drey, ramin wani ɗan'uwan dage da suke da shi kuma sett, wanda har doka suka yi a 1992 ta haramta rushe shi ko toshe shi. Ba sai kin haddace su ba. In kin gamu da ɗaya, ki tambayi kanki haƙa ne ko gini ko kwanciya, sai ki ce rami ko sheƙa ko makwanci ki wuce.

Idan aka ɗora wa mutum

Nan ne tambayarki ta biyu take. Duk sanda Bature ya kira mazaunin mutum lair ko den, to ya mayar da mutumin dabba ne a fakaice. Hukunci ne, ba siffanta gini ba. Jaridar da ta ce kidnappers' den ba ta gaya miki ko bukka ce ko kango ko gindin tsamiya ba, ta gaya miki ne yadda take kallon mazauna wurin.

Bambancin da na lura da shi cikin shekarun da na yi ina wannan aiki shi ne na yawa da kaɗaici. Lair galibi ta mutum ɗaya ce, babban mugu, wanda ya keɓe kansa yana ƙulla makirci, wurin kuma a ɓoye yake, sai an sha wuya a gano shi. Den kuwa ta taro ce, kuma abin da ake aikatawa a ciki shi ne abin magana. Shi ya sa ake cewa gambling den, opium den, den of thieves, den of iniquity. Ki lura da ginin ma: den tana son "of" a bayanta ta ambaci laifin ko masu laifin, lair kuwa ta fi son sunan mai ita a gabanta. Ba doka ce da ba ta karyewa ba, za ki ga an saɓa, amma in kika riƙe ta za ta fisshe ki a mafi yawan lokuta.

Misalin da ya fi shahara na lair ɗin mutum shi ne hedikwatar Hitila ta yaƙin duniya na biyu, wadda Turanci ke kira Wolf's Lair. Tana cikin daji kusa da garin da Jamusawa ke kira Rastenburg a Gabashin Farusiya (Prussia), wani yankin Jamus a lokacin, yanzu yankin yana cikin Polan. Hitila ya koma can a watan Yunin 1941, kwanaki kaɗan bayan ya afka wa Tarayyar Sobiyet, ya kuma yi sama da kwana 800 a wurin. A nan ne Kanar Claus von Stauffenberg ya ajiye bam a cikin jaka ranar 20 ga Yuli 1944, bam ɗin ya tashi ya kashe mutum huɗu, Hitila ya tsira. Jamusawa da kansu suka tarwatsa gine-ginen a Janairun 1945 da sojojin Sobiyet suka matso. Abin da ya shafe mu a nan shi ne sunan. Da Jamusanci Wolfsschanze ne. Rabin farko laƙabin da Hitila yake so a kira shi da shi ne, wato kyarkeci. Rabi na biyu kuwa, Schanze, ganuwa ce ko tungar soja, babu makwancin dabba a ciki. Masu fassara zuwa Turanci ne suka zaɓi lair, suka cire ganuwar suka bar kyarkecin a kwance cikin duhu. Fassarar ba ta bi kalma ba, amma ta zauna, domin ta faɗi abin da masu jin Turanci suke ji game da mutumin. Ki riƙe wannan, zai yi miki amfani ranar da wani zai ce miki fassara sauya kalma da kalma ce kawai.

Den ta sami nata kaifin ne daga fassarar Littafi Mai Tsarki ta Turanci, musamman ta 1611 da aka yi a zamanin Sarki James. A Matiyu 21:13 ne aka kawo Annabi Isa, alaihis salam, yana korar 'yan kasuwa daga Haikali yana cewa sun mayar da ɗakin addu'a den of thieves. A babi na 6 na littafin Daniyel kuma aka ba da labarin jefa shi cikin den na zakuna a zamanin Sarki Dariyus. A wannan wuri ɗaya "rami" ce daidai ko da zaki ne, domin ba makwancin daji ba ne, rami ne na sarki da aka tsare zakuna a ciki, har dutse aka ɗora a bakinsa. Fassarar Larabci ma jubb ta ce, kalmar nan da kika sani a Suratu Yusuf, inda 'yan'uwansa suka jefa shi. Daga wannan labari Turanci ya sami salon cewa mutum ya shiga lion's den, wato ya kai kansa tsakiyar maƙiya ko masu jiran sa da tambayoyi masu zafi. Idan minista ya je gaban majalisar da ta fusata aka rubuta haka, kada ki kawo zaki cikin labarin. Ki ce ya tari aradu da ka, ko ya kai kansa gidan abokan hamayya.

Masu kallon ƙwallon Ingila sun san wani reshe na wannan. Ƙungiyar Millwall ta kudu maso gabashin Landan laƙabinta Zakuna, filinta kuma The Den, sun bar tsohon a 1993 suka koma sabo da sunan. Wannan suna ne, ba a fassara shi.

Sai kuma inda den ta yi laushi har ta zama abin so, inda lair ba ta bi ta ba. A Amurka den ɗaki ne a cikin gida, ƙarami, inda maigida yake keɓewa ya yi karatu ko iyali su kalli talabijin. Idan ɗan'uwanmu mai neman haya a Amurka ko Kanada ya ga an tallata gida mai ɗakin kwana biyu da den, ƙarin ɗan ɗaki ne da bai cika sharuɗɗan ɗakin kwana ba, sau da yawa don ba shi da taga. A tsarin gidanmu na gargajiya turaka ce ta fi kusa da ma'anar farko, ko da yake turaka tana da nata hukunce-hukuncen da den ba ta da su. Yaran Ingila kuma den suke kiran 'yar bukkar da suke haɗawa da bargo da kujeru ko rassan itace su ɓuya a ciki. Lair ba ta shiga irin wannan sai da zolaya, kamar uwa ta ce ɗanta matashi ya shige lair ɗinsa, tana nufin ɗakin nan nasa mai duhu da ba mai iya shiga saboda tarkace. In kuma kika ji ɗan Ostireliya ya kira wani mutum lair, wata kalma ce daban da ta yi kama da wannan, ɗan ƙwalisa mai son a gan shi yake nufi.

Yadda nake yi a teburin fassara

Ni ma na sha kunya a wannan wuri. Ina sabon shiga aka ba ni labarin 'yan sanda sun kai samame wani gambling den. Na ga "rami" ba ta yi ba, sai na yi dabara na rubuta "kogon 'yan caca", ina jin na burge. Tsohon editanmu, Allah ya jiƙansa, ya karanta, ya sauke tabarau ya ce, "A wane dutse yake?" Ya soke ya rubuta "gidan caca". Kalma biyu, kowa ya gane, ba wanda ya tafi neman tsauni a tsakiyar gari.

Tun daga ranar nake fara tambayar kaina wane ne a ciki, kuma me marubucin yake so in ji game da shi. In dabba ce, halinta ne zai zaɓa mini tsakanin rami da kogo da makwanci. In mutane ne, Hausa ba ta rasa kaya ba, ta ma fi Turanci rarrabewa a nan. "Maɓoya" tana ɗauke da sirri, ita ce ta fi dacewa da lair ɗin madugun da ake nema ruwa a jallo. "Matattara" tana ɗauke da taro da ƙazanta, ita ce abokiyar den a matattarar ɓarayi ko matattarar 'yan shaye-shaye. "Sansani" tana nuna tsari da makamai da ɗan daɗewa. Akwai kuma "daba", wadda a ganina ita ce ta fi kowace kusa da den ɗin da jaridun Najeriya suke nufi, domin wurin zaman gungu ce, kuma da jin ta an san ba zaman alheri ake yi ba. A Kano ta ba mu 'yan daba, a labaran Zamfara da Katsina kuma kina jin an ce an tarwatsa dabar wane. Saboda haka kidnappers' den ɗinki maɓoyar masu garkuwa da mutane ce in ana zancen inda aka tsare wanda aka sace, daba ce ko sansani in ana zancen inda sojoji suka kai hari.

Wadda nake gargaɗin ɗalibai a kanta ita ce "mafaka". Ƙamus zai iya ba ki ita, amma mafaka tana da tausayi a cikinta, ta mai gudun ruwa ce ko mai gudun hijira. In kika ce mafakar 'yan fashi kin sassauta musu, kin cire haƙoran da marubucin ya sa wa kalmar. Haka kuma ki yi hattara ta ɗaya ɓangaren. Tunda lair da den hukunci ne, idan rahoto ya kira gidan wani da ake zargi den alhali kotu ba ta kama shi da laifi ba, ba dole ba ne ki ɗauko zagin ki sa a bakin gidan rediyonku. "Gidan da ake zargin ana tsare mutane a ciki" ya fi tsawo, amma ba zai kai ku gaban alƙali ba.

Iyakar abin da amsa irin wannan za ta iya yi miki ke nan, domin jimla ɗaya kika kawo mini, kuma kalmar da ta dace tana ɓoye ne a sakin layin da ke gabanta da na bayanta. Sannan Hausar da na yi miki magana da ita ta Kano ce da ta aikin jarida. In masu sauraronku na Sakkwato ne ko Damagaram ko Gaya, ki sami tsohon maharbi ki tambaye shi yadda suke kiran inda kowace dabba take kwana, abin da zai ba ki a zama ɗaya ya fi abin da ke cikin ƙamus ɗin da ke hannunki.

Jimlar taki kuwa, da ni aka ba, zan koma baya in ga wace dabba ce. In kura ce, "rami" ɗinki ya tsaya, ba abin da zan taɓa. In damisa ce a ƙasar duwatsu, in ce kogo. In kuwa marubucin ya ƙi faɗin ko mece ce har zuwa wannan layi, to da gangan ya yi, sai in rubuta: maharban suka bi sawun dabbar har makwancinta.